Jatan Lande Mai Fasfo

Da asuba a Zoutkamp, sanyi na cizon kunne,
na sa hannu a takarda huɗu, aka rufe ƙofar firji.
Tan ashirin na jatan lande a bayana,
kowanne bai kai ɗan yatsan jariri ba.
Shekaranjiya suna kwance a tekun nan
da nake hangowa ta madubi.
Yau za su ƙetare ƙasa da ƙasa
don kawai a tuɓe musu riga.

Tsohuwa Geertje na jingine da katangarta.
Ta ce a da kan teburin kicin ake ɓare su,
ita da 'ya'yanta uku, rediyo a kunne,
kafin rana ta take sun cika bokiti.
"Yanzu hannuna ya yi tsada," in ji ta,
ta ɗaga shi tana dubawa
kamar ajiyar da mai ita ya manta.

Ni ma ba ɗan nan ba ne.
A Jamus aka ƙera motar, lambarta ta Lituwaniya,
albashina na fitowa daga ofishin
da ban taɓa ganin ƙofarsa ba.
Matata tana Iași tana ƙirga kwana.

Beljiyam ta wuce ina hamma.
Faransa doguwa ce kamar bashi.
A Sifen rana ta buɗe ido,
injin sanyi na gurnani a ƙeyata,
in ya yi shiru, sai gabana ya faɗi.
A Aljasiras muka hau jirgi:
ɗan ruwa a cikin mota, mota a kan ruwa.
Na yi dariya ni kaɗai.

A Tanja, mata jere cikin farin kaya,
hula da takunkumi, ɗakin kamar cikin ƙanƙara.
Zhor ce kusa da ƙofa.
Ta kama, ta murɗa, ta zare, ta jefa,
kafin ka ce kwabo ta yi goma.
Da kilo ake biyanta, sikeli kuwa ba ya jin roƙo.
Yatsunta sun yi fari sun tattare
kamar na wadda ta yini tana wanki.
Na ce, "Da daɗi kuwa?"
Ta ce ba ta taɓa kai ɗaya baki ba,
ƙarninsu dai ke raka ta gida,
har autanta da hanci yake sanin ta iso.

Muka juyo tsirara, mun rage nauyi.
Aka zuba su a 'yan robobi
masu hoton kwalekwale da tsuntsun teku,
aka jera a kantin da ke taku ɗari biyu
daga inda aka sauke su tun farko.
Geertje ta ɗauki guda, ta karanta kuɗin,
ta mayar a hankali.

Zuwana na gaba ta tare ni da ƙunshi:
man shafawa, gwangwani ɗaya, murfinsa ya ɗan lotsa.
"Ka ba wadda ta gaje ni.
Ta shafa da dare, ta kwana da safar hannu."
Na cusa shi ƙarƙashin kujera.
A duk kayan motar nan
shi kaɗai ne kwastan ba su da layin rubuta shi.

Zhor ta buɗe, ta shinshina, ta rufe.
Ta ce ta ji ana gwada wani inji a can wajenmu
mai ɓara ba ya gajiya, ba ya haihuwa.
Gaskiya ne?
Na ce ni direba ne.
Ban gaya mata ba ni ma na ji
ana koya wa mota tafiya ba kowa a ciki.
Gemun kowa na kusa da wuta,
ruwan shafawar ne ba mu san mai sayarwa ba.

Ƙararrawa ta kaɗa, ta ja takunkuminta.
Ta ce, "Tsohuwar, ya sunanta?"
Na faɗa sau uku, harshenta ya ƙi ɗauka.
Ta ce, "Bari. Ka ce mata ya isa."