Makullin da Ba Ya Amsa Sallama

Shagona a Cheetham Hill taku huɗu ne faɗinsa,
ruwan Manchester na ƙwanƙwasa taga tun asuba.
Shekara goma sha ɗaya ina buɗe cikin na'ura,
na san kumburin batir, na san tsagewar gilashi,
yau kuwa an kawo mini wadda lafiyarta ƙalau.

Uwani ce, lemarta na ɗiga a bakin ƙofa.
Ta kwantar da kwamfutar Malam Tanimu a tebur
kamar mai sauke goyon da barci ya ɗauke.
Jiya aka yi arba'in, in ji ta.
Hotunan Zulai na ciki, ranar da ta fara tatata,
da muryarsa yana yi mata dariya.
Buɗe mini.

Na kunna, fuskarta ta washe,
ta ce a kira mata mai gida.
Mai gida na kwance ƙarƙashin jiƙaƙƙiyar ciyawa,
bas biyu daga nan.
Wannan makulli ba a ƙofa yake ba, a ɓargo yake:
sauya mata ƙwaƙwalwa, wanke ta tas,
ta farka shi take nema.
Karen da ya kori ɓarawo,
ga shi yana yi wa magaji haushi.

Ba zan zage shi ba, ya taɓa yi mini rana.
Bara, a tashar bas, wani yaro a kan keke
ya fizge wayar ɗiyata Balkisu,
kafin ta ce wayyo ya sha kwana.
Muka kulle ta daga nesa muna zaune a falo,
ta zama dutse a aljihunsa.
Daren nan har albarka na sa wa maƙerinsa.

To amma leƙa bayan labule.
Kwamfuta talatin da bakwai, an jera kamar faranti,
daga wani ofis da ya rufe a watan azumi.
Mai riƙe da kalmar sirri ya kama gabansa,
lambarsa ma ba ta shiga.
A layinmu yara uku na karɓa-karɓa
da wayar uwarsu don aikin makaranta,
ranar Alhamis kuma mota za ta zo
ta kwashi waɗannan zuwa injin niƙa.
Saniya na ba da nono,
a yanka ta don igiya ta ƙi kwantuwa?

Na buga wa kamfani, muryar ta yi ladabi:
a kawo rasit, da shaidar mutuwa, da takardar kotu.
Rasit ya narke a aljihun wando shekara shida baya.
Na ce, wanda ya ƙirga kuɗinsa ya biya,
mai gida ne ko ɗan haya?
Ta ce ta fahimci damuwata.

Na ce, Uwani, gwada sunan garinsu.
Ta rubuta Malumfashi. A'a.
Ranar ɗaurin aurenku? A'a.
Sunan da yake kiranki in babu kowa?
Ta yi murmushi, ta rubuta da yatsa ɗaya,
na kawar da kai.
A'a.

Saura gwaji biyu, in ji allon.

Ta janye hannu kamar ta taɓa murhu,
ta naɗe ta a mayafi, ta rungume a ƙirji.
Ta ce, bari in je in tuna shi sosai tukuna.
Ruwa bai tsaya ba.
Ta manta lemarta a shagona.