Sulhu da Gwiwa

Ni da gwiwata ta hagu mun yi sulhu:
ita ta daina ƙara a gaban mutane,
ni in daina yi mata gorin ƙuruciya.
Ba mu sa hannu a takarda ba.
Shaidunmu biyu ne, man zafi da ruwan ɗumi.

Bayan asuba, kafin mai shayi ya hura wuta,
nakan ɗaura takalmin da Ladidi ta sayo mini a Kasuwar Barci.
Gwanjo ne, wani ya riga ni gajiya a cikinsa,
amma da sauran tafiya a tafinsa.

Daga Makera zuwa gada.
Can baya minti ashirin ne, ina tafe ina fito.
Yanzu kuwa sai yadda hali ya yi.

Nakan bi ta ƙofar masaƙarmu.
Shekara ashirin da shida na yi a tsaye gaban injin,
zare na gudu, ni ina bin sa da ido.
Yau ciyawa ce ke karɓar aikin safe,
tsatsa ta zama manaja.
Na leƙa ta ramin ƙyaure na ga abin da zama ke yi wa ƙarfe,
sai na ce, to, ina ga nama da jijiya?

Tanimu abokina ya fi ni ƙirji.
Shi ke ɗaukar dila a kafaɗa yana ba'a.
Da aka sallame mu, ya sayi kujerar roba,
ya kafa ta ƙarƙashin dalbejiya, ya ce hutu ya zo.
Kujerar tana nan.

A shataletalen tasha Bulus ke jirana,
da hular sanyi ko ana zafi,
da sandar da yake rantsuwa ado ce kawai.
Ba ma yawan magana, numfashi ya yi tsada.
Shi ya ce, "Ka makara."
Ni in ce, "Kai ne ba ka barci."
Shi ke nan gaisuwar, sai ƙafa ta ɗauka.

Jiya wani yaro mai keke Napep ya tsaya:
"Baba, ku hau mana, kyauta ne."
Na ce Allah ya yi albarka, ɗana,
amma wannan tafiyar magani ce,
kuma ba a sha wa mutum magani.

Likita ta hana ni gishiri, Dije ta zama 'yar sandarta.
Sukarin koko ya koma ƙwaya ɗaya,
ita ma sai da na yi ciniki.
Tsiren yamma mun rabu ba faɗa,
mukan gaisa dai ta hanci in na wuce.

A kan gada nakan tsaya in dubi kogi.
Shi ma ya manyanta.
Da rani yakan rame har haƙarƙarin duwatsunsa su fito,
amma ban taɓa zuwa na iske shi zaune ba.

Ba tsere nake da Mala'ika ba,
na san wa zai ci.
Abin da nake nema kaɗan ne:
in kai goshina ƙasa ba tare da kujera ba,
in ɗaure tazugena da hannuna,
in ɗaga jikata Ummulu sama
ta taɓa mangwaron da ta ƙyalla,
in sauke ta ban ce wash ba.
Ko in ce, amma a hankali.

Komowa ta fi zuwa nisa, kullum.
Rana ta hau, babura sun farka,
gumi ya zana taswira a bayan rigata.
A bakin zaure gwiwa takan yi 'yar ƙara,
ƙasa-ƙasa, yadda ba wanda zai ji,
tana tambaya: gobe ma?

In cire takalmi, in karkaɗe shi,
in ajiye shi yana fuskantar ƙofa.