Talatin da Shida, da Gyara

Ranar Laraba ba ni da aiki.
Nakan bar Cheetham Hill tun gari bai waye ba,
ko da yake garin Manchester ba ya wayewa,
sai dai ya yi fari-fari
kamar kunun da aka tsinka da ruwa.

A wuyana tsohuwar kyamara,
'yar Japan, ta girme ni da shekara shida.
Fam arba'in na ba wani dattijo a kasuwar gwanjo,
ya haɗa mini da maɗaurin fata, ya ce na matarsa ne.
Bai ƙara ba. Ban tambaya ba.
Ba ta cin batir, ba ruwanta da caji.
In na danna ta, gyaran murya take yi sau ɗaya
irin na baƙo a ƙofar zaure.

Gilashinta ɗaya tal.
Ba ya jawo nesa kusa,
in kana son abu sai ka taka ka same shi.
Akwai tabo a gefensa kamar ƙwayar gero,
yana cikin duk abin da na ɗauka.
Da ina jin haushinsa. Yanzu shi ne sa hannuna.

Fim guda, talatin da shida.
Kuɗinsa da na wanki cefanen kwana uku ne,
shi ya sa ɗan yatsana ya koyi rowa.

Na ɗaya: tattabarun Piccadilly sun taru a kan gutsuren burodi
kamar 'yan gado.
Na bakwai: iska ta juye wa wata mata lema,
ta tsaya tana yi mata faɗa.
Na tara ban ɗauka ba.
Mutumin da ke kwance a ƙofar banki ya ɗaga mini hannu,
na sauke ta, na ce yi haƙuri,
kunya ta raka ni har tashar gaba.

A bakin ruwan Ancoats na haɗu da wani saurayi,
gilashinsa ya kai taɓarya, ga ƙarfe mai ƙafa uku.
Dinya ɗaya ya sa a gaba,
tatatata, ya yi mata ɗari biyu.
Ya leƙa bayan tawa yana neman allo,
na ce sai mako mai zuwa nake ganin abin da na gani.
Ya yi dariya. Dinyar ta tafi abinta.

Yayyafi ya dawo, na cusa ta cikin rigar sanyi,
muka fake a shagon wani Bakurde a Rusholme,
shayi, da tagar da ta yi gumi.
Nan Asabe ta kira daga Gusau:
Kai Tanimu, a ce mutum yana Ingila
ya riƙa aiko mana kwata da kwandon shara?
Ina dogayen benayen? Ina kai kanka?
Na ce benayen suna nan, ba inda za su.
Ta ce Inna so take ta ga ko ka rame.

La'asar a nan ba ta zama.
Ƙarfe huɗu fitilu sun kama,
lamba ta nuna talatin da shida.
Na ja hannun kyamara don in tabbatar,
sai ya tafi.
Ashe fim ma yana ba da gyara
kamar mai awo da ta san gidanku.

Na miƙa ta ga wata tsohuwa a tashar bas,
na nuna mata inda ake dannawa.
Hannunta yana rawa.

Bayan mako Moira mai wanki ta miƙo ambulan.
Goma sha ɗaya sun yi duhu, lemar ta fito.
Na ƙarshen rabinsa ya ƙone ja,
ba kai, sai kafaɗa da zip da rigar sanyi mai kumburi,
da ƙwayar geron nan a saitin ƙirji.

Shi na aika.
Inna ta ce alhamdulillahi, yaron ya yi ƙiba.