Masai Ya Ƙi Haɗiya

Safiyar Lahadi a Gangare,
sanyi na cizon kunne,
masai ya cika ya yi gum
kamar wanda ya ci bashinka ya hango ka.

Na kira Dung mai famfo,
ya ce yana coci, sai an taso.
Surukaina kuwa sun kusa Mararrabar Jama'a.

Lantana ta ɗora ruwa,
ta ce kar ya tafasa, tangaran ba ya son fushi.
Ta barbaɗa omo, ta jefa kanwa,
muka yi cirko-cirko a ƙofa
kamar masu jinya.

Shiru.

Na naɗe tsumma a bakin sanda, na sa masa leda,
na danna, na ja, na danna.
Digirina na rataye a falo, bai ce uffan ba.

Can sai ƙwallon mangwaro ya leƙo.
Na cafke shi,
na ɗaga bokiti har ƙirji na sheƙa,
masai ya yi gurnani, ya haɗiye ƙwat.

Autanmu Sagiru ya kama ƙirga silin.
Na wanke hannu sau bakwai,
Lantana ta ce a ƙara.