Laka a Tiyo

Shekara ashirin da shida nake gyaran injin ban-ruwa
a fadamar Kwalkwalawa.
In mai albasa ya ce, "Arzika, ruwa ya rage ƙarfi,"
ba na kwance ƙusa sai na kasa kunne;
daga tarin inji nake jin inda ke masa ciwo.
Tiyon kowa na leƙa.
Nawa ne ban leƙa ba, har ya kai ni neman magani.

Wata Laraba ce, rana ta take tsaka.
Na ɗauko inji daga bakin Rima zuwa amalanke,
taku goma sha biyu,
sai ƙirji ya ɗaure kamar an aza mini buhun gishiri.
Na zauna gindin dogonyaro, na ce zafi ne.
Ige ta ce ba zafi ba ne,
ta ɓoye makullin babur sai da na yarda aka ɗebi jini.

Likita Sahabi yaro ne, sa'an autanmu.
Ya dubi takarda, ya dubi baƙin mai a farcena,
ya tambayi sana'a.
Da na faɗa, ya ce, "Ka rage mini rabin bayani.

Jijiya tiyo ce, amma mai rai.
Cikinta sumul kamar sabuwar ƙwarya,
ta buɗe in ka yi sauri, ta tsuke in ka kwanta.
Maiƙon da ya yi yawa laka ne.
Ba ya toshe hanya rana ɗaya;
inda bango ya ƙuje, nan yake samun wurin zama,
ya kwanta, ya taurare, bana bisa bara,
har ƙofa ta zama ta allura ga jini."

Na ce, "Me ke ƙuje bangon?"

Ya ce, "Akwai ɗan aike, sunansa insulin.
In ka ci tuwo, shi ke bin gida-gida da sallama
a buɗe, a karɓi sukari, a hura wuta.
A jikinka masu gidan sun daina amsawa.
Jiki ya ƙaro 'yan aike, ƙofa tana rufe.
Sukari na gantali a hanya kamar yashi cikin ruwa,
yana cin bango, hanta kuma na ƙaro maiƙo.
Ɗaya na fasa katanga, ɗaya na shiga ya shimfiɗa tabarma,
ba dare, ba wuni."

A hanyar gida na yi lissafi.
Shayin asuba, cokali huɗu da rabin gwangwani.
Kitsen tsire, wanda nake cewa a zaɓo mini.
Lemo mai sanyi uku kafin la'asar.
Masallacin da ke bayan gida ma, a babur.
Sai na tuna Baba,
ranar da ɓarin jikinsa ya mutu yana alwala.
Muka ce iska ce ta shafe shi.
Sai yau aka gaya mini sunan iskar, bayan rabin ƙarni.

Yanzu da ƙafa nake sauka fadama daga Dundaye.
Ige na auna mai da murfin kwalba,
ta cika akushi da zogale da wake,
tuwon ya koma kamar na baƙo.
Ƙwaya biyu bayan isha'i.
Wasu ranakun nakan wuce mai tsire da kai a sunkuye,
wasu ranakun nakan tsaya.
Wannan tiyon ba a kwance shi a wanke a gulbi,
ba a sayo sabo a kasuwa;
lallashi yake so, da awo, da tunani.

Jiya Cindo ya kawo nasa injin.
Na yanka tiyon, laka ta cika shi, saura wurin tsinke.
Na daɗe ina kallo.
Ya ce, "Lafiya?"
Na dubi tumbinsa, na dubi lakar,
na ce, "Yaushe rabonka da awon jini?"
Ya yi dariya har da tafa hannu.
Haka na yi bara, da aka tambaye ni.