Girman Kan Wani

Ran Asabar, kafin hazo ya ɗaga daga kogin Douro,
nakan gangara kasuwar tsofaffin kaya ta Porto,
hannu a aljihu, kamar mai wucewa kawai.
Dona Ermelinda ta san ƙaryata.
Da ƙafa ta ture murfin kwali, ko dubana ba ta yi ba:
"Yuro goma sha biyu, Anselmo. Asu ya riga ka ɗanɗanawa."

Malafa ce ta gashin zomo, ruwan toka,
ta yi shekara hamsin tana barci a ƙarƙashin gadon wani.
Bakinta ya lanƙwashe kamar kunnen tsohon kare,
ɗamararta ta koɗe,
tana warin ɗakin da aka manta da makullinsa.
Na taya takwas, muka rabu a goma.
An ce mai son abinka ya fi ka dabara,
ni dai kullum ita ke komawa gida da murmushi.

A bakin ƙofa Graciete ta ƙirga min:
"Ta arba'in da uku ke nan.
Kai ɗaya fa Allah ya ba ka."
Ban tanka ba. Na ɗora buta a wuta.

Shekara talatin ina tuƙa taragon lantarki a tudun garin nan,
ban koyi haƙuri ba sai a gaban buta.
Tururi ba ya son gaggawa.
Ka kara ta a bakinsa, ka juya, ka jira,
sai ka ji gashin ya saki jiki
kamar mai fushi da aka kira sunansa a hankali.
Sannan burushin gashin doki,
hagu-hagu, saɓanin tafiyar agogo,
ƙura na tashi cikin hasken taga,
ƙurar titunan da aka daɗe da sake wa suna.
Inda asu ya ci, na goge da tattausar takardar yashi.
Fatar goshi ta bushe, ta sha gumin mutum har ta yi baƙi,
na shafa mata mai da ɗan yatsa.

Da na ɗaga fatar,
sai ga jarida an ninke ta siririya, an cusa ta kewaye.
Ta yi ja, tana karyewa a hannu.
Rabin labari: farashin busasshen kifi,
da jirgin ruwan da zai tashi ran Talata.

Ashe ta yi masa yawa.
Ashe mutum biyu ne.
Na farko mai babban kai, haruffansa biyu na nan da ruwan zinariya,
na biyu kuwa ɗa ne, ko ƙane, ko wanda aka bar wa,
ya cika gurbin da takarda
ya fita cikin mutane da girman kan wani.

A gaba akwai lotsawa biyu,
wurin babban yatsa da manuni,
inda suke kamawa su ɗaga ta in za su yi gaisuwa.
Katakon gyara na kan tebur,
minti ɗaya a tururi ya isa ya shafe su.
Na sauke butar.

Na ɗinka sabuwar ɗamara, baƙa, zaren bai fito ba.
Na sa ta gaban madubi, ta faɗo min har kunne.
Graciete ta yi dariya har da riƙe ƙofa.
Sai na mayar da jaridar mazauninta,
na yago gefen takardar kuɗin ruwa na wannan wata,
na ninke, na ƙara.

Da yamma na fita.
Mai gidan burodi ta ɗago min hannu daga tsallaken titi,
yatsuna suka tafi da kansu, suka faɗa daidai wurin.
Mu uku muka gaishe ta.
Ita ɗaya ta gani.