Bayan Kwalba

Da an sallame asuba Inna ke fita,
daga Rigasa zuwa Barnawa, mota biyu,
ofis huɗu, banɗaki shida, tayil fari fat kamar faranti.
Kafin masu takalma su iso
ta bar musu ko'ina yana ƙamshi.

Shekara goma sha ɗaya ke nan.
In ta dawo, mayafinta lemun tsami ne, zaninta fure,
mu yara mu cusa hanci a jikinta muna shaƙa.
Tafinta ya tsattsage, mun gani.
Abin da ba mu ji ba, can ƙasan ƙirji,
shi ne nishi.

Wata Laraba tabo ya ƙi fita.
Ta tsiyaya bilic, ta bi shi da shuɗin ruwan wanke masai,
wai sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.
Ƙofa a rufe. Taga ta cije tun bara.
Dantala mai gadi ne ya jiyo tarin,
ya jawo ta waje, ido na zuba,
tana laluben numfashi.

Sista Rifkatu ta ce in kawo kwalaben.
Ta juya guda, ta ɗora farce: "Karanta."
Ruwa. Launi. Wasu sunaye masu karya harshe.
Sai kalma ɗaya a ƙarshe, ƙanana kamar ƙwan kwarkwata,
fassararta: ƙamshi.

"Wannan," ta ce, "ƙofar zaure ce.
Ba ka san baƙi nawa ke zaune ciki ba,
mai kwalba ya ce sirrinsa ne."
Na dubi hoton lemon nan, kore shar, har da raɓa.
Ko ɓawo babu a ciki.
Na ji haushi.

Na je Kasuwar Barci da faɗa a bakina.
Malam Barau na ɗura ruwan hoda daga jarka
cikin gorunan da ba suna, ba takarda.
"Ni ma saro na yi, yaro."
Ya juya ya yi tari, irin na Inna sak,
ya goge ido da hannun riga.
Na haɗiye faɗan, na tashi.

A gida na yi ƙidaya:
feshin ɗaki a kan talabijin,
abin da ke lilo a madubin motar kawu,
ruwan ɗauraye kayan jaririyar maƙwabta.

Litinin Inna ta ɗaura zani. Kuɗin haya ba ya jira.
Na bi ta da sukundireba a aljihu,
na ɓamɓare tagar, iskar kogi ta shigo.
Ta wanke da sabulu, ta ɗauraye da ruwa zalla.
Ƙarfe tara manaja ya buɗa hanci:
"Yau ba a goge ba ne?"
Inna ta matse tsumma a bokiti, ba ta ɗago ba.
"An goge, ranka ya daɗe.
Huhuna ne ya gaji da biyan bashi."